Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Injin Mota Yin Bindiga Idan Yana da Sanyi

Akwai motar da za ta wuni tana aiki lafiya lau, amma da zarar ta kwana aka tayar da ita da safe sai ta kama tari tana bindiga, wani lokaci ta salansa, wani lokaci ta gaba inda iska ke shiga, har sai injin ya ɗauki zafi sannan ta koma kamar ba ita ba. Kanikawa suna kiran wannan bakfaya. Abin da ke sa matsalar wuyar kamawa shi ne, kafin mai motar ya isa gareji injin ya riga ya yi zafi, don haka bakanike zai saurara ya ji komai daidai, ya canza filogi bisa kintace, washegari kuma motar ta maimaita halinta. Saboda haka sharaɗin wannan aiki shi ne a yi gwaji a kan injin da ya kwana bai yi aiki ba, aƙalla awa shida zuwa takwas, tare da sanin cewa mintuna biyu zuwa biyar na farko su ne duk damar da ake da ita a rana guda. Bayanin ya shafi injin fetur ne, mai kafireta da mai nozul, wato bakin da ke fesa mai. Injin dizal ba shi da filogi, kuma lissafinsa daban ne.

Abin da sanyi ke canzawa a cikin injin

Fetur ba ya ƙonewa yana ruwa, sai ya zama tururi ya cakuɗu da iska sannan tartsatsin filogi ke iya kunna shi. Injin da ya yi zafi yana aiki da kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Idan ƙarfen na da sanyi, wani ɓangare na man ba ya zama tururi, yana lafewa ne a jikin manifol, wato bututun da ke rarraba iska zuwa silinda, da bangon silinda kamar raɓa, don haka haɗin da ke isa bakin filogi ya fi wanda aka auna tsinkewa, wato mai ya yi kaɗan a cikinsa. Domin cike wannan giɓi aka yi cok, wato faifan da ke rage iska don haɗi ya yi kauri, a mota mai kafireta, a motar zamani kuma kwamfutar injin ce ke ƙara mai gwargwadon abin da sensar zafin ruwa ta faɗa mata.

Haɗin da ya tsinke yana cin wuta a hankali. Yakan kai ga fistin ya gama saukowa, ya tura hayaƙi waje, bawul ɗin shigar iska ya fara buɗewa alhali da sauran wuta a silinda, sai wutar ta kama sabon haɗin da ke jira a manifol. Wannan shi ne tarin da ake ji ta gaba. Idan kuwa silinda ta yi fashin wuta gaba ɗaya, abin da ake kira misin, man yakan fita ɗanye ya taru a salansa, ya tarar da zafi da iska a can ya fashe. Wannan ita ce bindigar baya.

Akwai abu na uku da ya kamata a riƙe. Sensar oksijin da ke jikin salansa ba ta fara aiki sai zafinta ya kai kusan digiri 300 a ma'aunin Celsius, kuma kafin nan kwamfuta tana zuba mai ne a makance, ba tare da sanin ko ta yi daidai ba. Da zarar sensar ta farka, kwamfuta takan ƙara ko ta rage mai ta rufa wa matsalar asiri. Haka ma ƙarfe da roba suna kumbura da zafi su toshe ƙananan kafofin da sanyi ya buɗe. Ma'ana, sau da yawa ciwon yana nan ko da injin ya yi zafi, ɓoye shi kawai ake yi.

Shiri kafin a taɓa komai

A yi aikin a fili ko a wurin da iska ke ratsawa, domin hayaƙin injin mai sanyi yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. A ajiye tukunyar kashe gobara a kusa. Kada ka cire matatar iska ka leƙa bakin kafireta ko bakin totur injin na aiki, domin harshen wutar da ke fitowa daga nan yana iya ƙona fuska, kuma ka tuna cewa fankar lagireto ta lantarki tana iya tashi ba sanarwa. Kayan aikin da za a buƙata su ne na'urar karanta kwamfutar mota mai nuna alƙaluma kai tsaye, mitar auna lantarki, gorar feshin ruwa, sifanar filogi, da takarda da biro. Agogon auna zuƙar iska, na auna ƙarfin mai da na auna matsin silinda za su shigo daga baya idan aikin ya kai can.

Mataki na farko: a saurara, a rubuta

A safiyar farko kada a gyara komai. Ka sa wani ya tayar da motar kai kuma ka tsaya a gefe, bonet a buɗe, ka amsa tambayoyi uku. Daga ina ƙarar ke fitowa, gaba ko baya? A wane lokaci take zuwa: yayin da ake murza makulli, ko a silo, ko idan an taka totur, ko idan an ɗaga ƙafa? Kuma bayan minti nawa take ɗaukewa?

Tari ta gaba idan an taka totur kusan kullum yana nuni ne ga ƙarancin mai ko yawan iska. Tari ta gaba tun ana murza makulli ya fi kama da wuta da ke zuwa ba a lokacinta ba, ko tana tsallakawa zuwa silindar da ba tata ba. Bindiga ta baya tare da rawar injin da warin ɗanyen fetur alamar misin ce. Ƙananan fashe-fashe ta baya idan an ɗaga ƙafa daga totur sukan fito daga kafa a salansa. A duba launin hayaƙi ma: baƙi yana nufin mai ya yi yawa, farin tururin da ke ɓacewa nan take kuwa ba komai ba ne illa raɓar da ta kwana a salansa. Kada silo mai ɗan tsawo ya ruɗe ka, domin yawancin motocin zamani suna tashi da juyi kusan 1,200 zuwa 1,500 a minti, suna kuma jinkirta wuta da gangan don katalis, wato tukunyar tace hayaƙi, ya yi zafi da wuri.

Tambaya ta huɗu ga mai motar ce: me aka taɓa kafin abin ya fara? Idan an canza wayoyin filogi, an wanke injin, an sauya bel ɗin taimin, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, ko motar ta yi watanni a ajiye da tsohon fetur a tanki, daga nan za a fara bincike ba daga wani wuri ba.

Mataki na biyu: a tambayi kwamfuta kafin a tayar da injin

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996, da motocin fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket ɗin OBD-II mai ƙafa 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Ka jona na'urar, ka murza makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar. Ka rubuta duk lambobin da ka samu kuma kada ka goge su tukuna. P0300 na nufin misin da ba ya tsayawa a silinda ɗaya, P0301 zuwa P0304 da abin da ya biyo baya suna faɗin lambar silindar da ke fashi, P0171 da P0174 na nufin haɗi ya tsinke, P0172 ya yi kauri, P0115 zuwa P0118 sun shafi sensar zafin ruwa, P0016 kuma yana cewa kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, mai buɗe bawul, ba sa tafiya tare yadda ya kamata. Lamba ba hukunci ba ce, tana nuna unguwar da za a shiga ne kawai. Rashin lamba ma ba shaidar lafiya ba ne.

Yanzu ga gwajin da, a ganina, ya fi kowane riba a wannan matsala, kuma ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ka buɗe shafin alƙaluma kai tsaye ka kwatanta zafin ruwan injin, wanda ake nunawa da haruffan ECT, da zafin iskar da ke shiga, wato IAT. Motar da ta kwana dole ne waɗannan biyun su yi kusan daidai da juna da kuma zafin waje, bambancin bai wuce 'yan digiri ba. Idan zafin waje 15 ne amma sensar ruwa tana cewa 50 ko 60, to kwamfuta ta ɗauka injin ya fara zafi, ba za ta ƙara man da sanyi ke buƙata ba, haɗi zai tsinke, tari ya biyo baya. Idan kuwa sensar tana nuna sanyin da babu shi, misali digiri 40 ƙasa da sifili, wanda yawanci alamar waya ce ta tsinke, kwamfuta za ta kwarara mai har ya jiƙa filogi, sauran ya fashe a salansa. Irin ƙaryar farko ba lallai ta kunna fitilar gargaɗi ba, tunda digiri 60 lamba ce mai yiwuwa.

Wanda ba shi da na'ura yana iya cire soket ɗin sensar ya auna ta da mita. A motoci da yawa tana ba da kusan om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko zuwa kusan om 300 a digiri 80, amma ainihin lambar tana littafin motar. A lura cewa wasu motoci suna da sensa biyu, ɗaya ta allurar dashbod, ɗaya ta kwamfuta, don haka allura na iya faɗin gaskiya alhali ana yi wa kwamfuta ƙarya. A duba bakin soket ɗin ko ya yi kore da tsatsa, a kuma tabbatar ruwan lagireto ya cika, domin sensar da ruwa bai taɓa ta ba ba za ta auna daidai ba.

Bayan haka sai a tayar, a jira injin ya ɗan yi zafi, a duba lambobin gyaran mai, STFT na gajeren lokaci da LTFT na dogon lokaci, masu nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa. Idan jimillarsu tana cikin kashi 10 sama ko ƙasa da sifili, babu laifi. Idan ta haura kashi 10 a silo amma ta sauko da aka ɗaga juyi zuwa 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan tana ƙaruwa ne yayin da juyi da nauyi ke ƙaruwa, mai ne ba ya isa, ko sensar auna iska ta yi datti.

Mataki na uku: neman ɓarauniyar iska

Duk iskar da ta shiga injin ba tare da an auna ta ba tana tsinka haɗi, kuma injin mai sanyi ba shi da rarar da zai jure hakan. Ka fara da ido da hannu, injin a kashe. Ka bi babban tiyon da ya taso daga matatar iska zuwa bakin totur, ka lanƙwasa shi ka duba cikin ninkinsa, musamman ta ƙasa, domin a nan yake tsagewa ba a gani. Ka bi ƙananan tiyoyin da ke jikin manifol ɗaya bayan ɗaya, har da na bustar birki da na bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin cikin injin zuwa manifol, ka nemi wanda ya bushe, ya tsage a baki, ko ya zare.

Gasket ɗin manifol shi ne babban abin zargi idan matsalar ta sanyi ce zalla, musamman a injin mai manifol na roba, domin zoben da ke tsakaninsa da kan injin yakan tsufa ya taurare, ya saki da sanyi ya kama da zafi. Ana gane shi ne a mintin farko bayan tayarwa: ka fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kan mahaɗar, silinda bayan silinda, kana saurare. Inda juyin injin ya canza ko aka ji ana tsotse ruwan, nan kafar take. Wasu suna yin wannan gwaji da maganin wanke kafireta, amma ban ga hikimar fesa abu mai kama wuta a kan injin da aka san yana aman wuta ba. Mafi tabbaci shi ne na'urar hura hayaƙi cikin manifol, injin a kashe kuma da sanyi, a ga inda hayaƙin ke ɓullowa.

Bawul biyu suna iya zama kafa daga ciki ba tare da an ga komai a waje ba. Bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin injin, dole ya kasance a rufe ruf da sanyi da kuma a silo. Idan baƙin toka ya hana shi rufewa, hayaƙi zai gurɓata haɗi a lokacin da injin bai iya ɗauka ba. Haka ma bawul ɗin da ke jawo tururin fetur daga tanki. Idan an cire shi, ba wuta a jikinsa, aka hura iska ta wuce, ya lalace. Sensar auna iska kuwa ana wanke ta ne da maganinta na musamman, a bar ta ta bushe, ba a taɓa siririyar wayarta da komai.

Mataki na huɗu: wuta

Haɗi mai sanyi ya fi wuyar kunnawa, kuma raɓar dare tana ba wuta hanyar gudu, don haka koyil, mai ƙara ƙarfin wutar filogi, ko wayar da ke aiki da rana kan gaza da asuba. A fara da batir: wanda ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 a hutu, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da kusan 9.6 ba yayin da ake murza makulli.

Ka cire filogi duka ka jera su bisa tsarin silinda, kada su cakuɗe, domin bambancin da ke tsakaninsu ya fi launin kowane ɗaya bayani. Ruwan ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙin toka busasshe yawan mai ne, fari fat ƙarancinsa, jiƙe da fetur kuma yana nufin silindar ba ta kama wuta ba ko nozul ɗinta na ɗiga. Filogi guda da ya fita fes kamar an wanke shi, a motar da ruwan lagiretonta ke raguwa, yana nuna ruwa na kwana a silindar ta hanyar gasket ɗin kan injin, kuma irin wannan misin yakan ɗauke bayan 'yan daƙiƙoƙi da ruwan ya ƙone. Ka auna tazarar bakin kowane filogi. A yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 da 1.1, kuma wadda ta buɗe da tsufa tana tilasta wa wuta neman wata hanya. Ka duba farin tangaran ɗin ko akwai siririn baƙin layi a tsaye, wanda shi ne sawun wutar da ke bi ta waje.

A mota mai wayoyin filogi, ka tayar da ita cikin duhu kafin gari ya waye, ka fesa ruwa sama-sama kamar hazo a kan wayoyin ba tare da ka taɓa su ba. Shuɗin tartsatsi ko ƙarar ƙas-ƙas na nufin rigar wayar ta mutu. Ka tabbatar kowace waya tana mazauninta; tsarin da ya fi yawa a injin mai silinda huɗu shi ne 1-3-4-2, kuma musanya biyu kawai ya isa ya sa mota bindiga ta gaba da baya. Idan akwai dilko, wato mai rarraba wuta ga filogi, ka buɗe murfinsa ka haska ciki: danshi, tsaga, ko baƙin layi tsakanin ƙafa biyu yana kai wuta ga silindar da bawul ɗinta ke buɗe. Murfin da ya yi irin wannan layi ba ya gyaruwa da gogewa, sai canji.

A mota mai koyil ɗaya kan kowane filogi aikin ya fi sauƙi, sai dai yana son haƙuri. Idan lambar ta ce P0302, ka musanya koyil na biyu da na uku, ka goge lambar, ka bar motar ta sake kwana. Idan ta koma P0303, koyil ne. Idan ta tsaya a silinda ta biyu, sai a musanya filogi, daga nan nozul, ana bin sawu. A duba ramin filogi ko man injin ko ruwa ya taru a ciki.

Mataki na biyar: mai

Akwai gwaji na kyauta ga mota mai nozul. Kafin ka tayar, ka murza makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, ka jira daƙiƙa biyu ko uku famfon mai ya yi kukansa ya tsaya, ka kashe, ka maimaita sau uku, sannan ka tayar. Idan tarin ya ragu sosai ko ya ɓace, to mai na zurarewa daga bututu cikin dare, ko ta bawul ɗin famfo, ko ta na'urar daidaita ƙarfin mai, ko ta nozul mai ɗiga. Agogon auna ƙarfin mai ne zai tabbatar: a motocin da ke fesa mai a manifol ana samun kusan bar 3 zuwa 4, kuma bayan an kashe injin bai kamata allurar ta faɗi cikin 'yan mintuna ba. Motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da ɓangare mai ƙarfin da ya haura bar 100, wanda ba a kwance shi sai da sani da kayan aiki.

Nozul da ya yi datti yana tsarto mai maimakon ya fesa shi kamar hazo. Injin mai zafi yana iya mayar da tsartuwar tururi, mai sanyi ba ya iyawa, shi ya sa dattin nozul ke fara bayyana da safe. Fetur da ya daɗe a tanki kuma ya riga ya rasa ɓangarensa mai saurin tashi, wanda shi ne ke tayar da injin da sanyi.

A mota mai kafireta, kusan dukan labarin yana wajen cok. Injin a kashe kuma da sanyi, ka cire murfin matatar iska, ka taka totur sau ɗaya: faifan cok na atomatik ya kamata ya rufe bakin kafireta. Da zarar injin ya tashi faifan zai ɗan buɗe 'yan milimita, sannan ya ci gaba da buɗewa a hankali har ya miƙe tsaye idan zafi ya kama. Wanda bai rufe ba yana kawo tari ta gaba, wanda ya ƙi buɗewa kuma yana kawo baƙin hayaƙi da bindiga ta baya. Idan cok na hannu ne, ka ɗan ja shi a lokacin da tarin ke faruwa. In ya ɗauke, ka tabbatar ƙarancin mai ne. Har yanzu injin a kashe, ka haska cikin kafireta ka motsa totur da hannu, ka ga ko siririn mai na tsartowa nan take ba yankewa. Idan babu, ƙaramin famfon totur ya mutu, kuma shi ne sanadin tarin da ke zuwa daidai lokacin da aka taka. Kafin a mayar da murfin, a gwada girgiza kafiretar a ji ko ƙusoshin gindinta sun saki.

Mataki na shida: salansa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Tsaga a manifol ɗin hayaƙi ko gasket da ya ƙone yana ba da ƙarar tak-tak da sanyi wadda ke raguwa da zafi, kuma yakan bar baƙin tabo a wurin. Irin wannan kafa ba fitar da hayaƙi kawai take yi ba, tana zuƙo iska ciki tsakanin bugu da bugu, iskar ta haɗu da ƙarin man da ake zubawa da sanyi ta fashe. Wasu motoci kuma suna da famfon da ke hura iska cikin salansa na kusan minti ɗaya bayan tayarwa. Idan bindigar na farawa da kukansa tana ƙarewa da shi, a duba bawul ɗinsa da lambobin P0410 da P0411.

Mataki na bakwai: taimin, bawul da matsi

An bar wannan a ƙarshe ne domin ya fi wahala, kuma matsalarsa ba ta cika ɗaukewa gaba ɗaya da zafi ba. A mota mai dilko, a haska makin fuli da fitilar taimin a kwatanta da lambar da kamfani ya bayar, a kuma duba ko ƙarafan da ke ƙara wuta a cikin dilkon suna motsi ba cijewa. A motar zamani ba a saita taimin da hannu, sai dai sarƙa takan miƙe, bel kuma yakan tsallake haƙori. Kwaramniyar ƙarfe ta daƙiƙa biyu ko uku a lokacin tayarwa, musamman tare da P0016, tana nuni ga sarƙa ko na'urar sauya taimin ɗin bawul, wadda ke aiki da man injin. Man da ya yi datti ko ya fi kaurin da aka ƙayyade yana sa ta makara da sanyi.

Agogon zuƙar iska da aka jona a manifol yana faɗin abubuwa da yawa. Lafiyayyen injin a silo yana riƙe allura cak tsakanin inci 17 da 21 a wuri mai kusa da tsayin teku, lambar kuma tana raguwa a kan tudu. Allurar da ta tsaya ƙasa ba motsi tana nuna kafa ko jinkirin taimin. Wadda ke faɗuwa a kai a kai cikin tsari tana nuna bawul da ba ya rufewa, wadda ke faɗuwa jefi-jefi kuma bawul ne da ke maƙalewa, abin da datti ke haddasawa da sanyi ya sake shi da zafi.

An saba auna matsin silinda injin na da zafi, amma a nan a auna sau biyu, da sanyi da kuma zafi, a kwatanta. A cire fis ɗin famfon mai, a katse wuta, a cire filogi duka, a buɗe totur gaba ɗaya. Silindar da ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari abin bincike ce. A zuba mata cokali ɗaya na man injin a sake aunawa: idan lambar ta tashi, zoben fistin ne, idan ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. A injin da ake saita bawul da hannu a auna tazararsu yadda littafin motar ya ce, domin bawul da ya matse ba ya zama daram a mazauninsa, kuma saiti kawai yake buƙata muddin bai riga ya ƙone ba.

Mataki na takwas: tabbatarwa

A canza abu ɗaya a lokaci guda, a goge lambobi, a bar motar ta kwana, a tayar da ita ba tare da taɓa totur ba, sannan a ɗan taka a saki kamar yadda aka yi a safiyar farko. Safiya ɗaya ba ta isa shaida ba, musamman idan ba ta kai waccan sanyi ko danshi ba. A jira uku a jere, a sake duba LTFT bayan 'yan kwanaki a ga ko ta dawo kusa da sifili. Daga nan sai a duba ɓarnar da bindigar ta bari. Tari ta gaba yakan fasa akwatin matatar iska, ya ƙona matatar, ya zare tiyo ko ya lalata sensar auna iska. Bindiga ta baya takan fasa tukunyar salansa, ɗanyen man kuma yana narkar da cikin katalis, wanda ake ganewa da kwaramniya idan an ɗan bubbuga shi da sanyi, ko da lambar P0420, ko da mota ta rasa ƙarfi a hawa. Idan a kowane lokaci fitilar gargaɗin injin ta koma ƙiftawa maimakon ta tsaya a kunne, misin ɗin ya kai matakin da ke cin katalis, kuma a kashe injin a koma mataki na huɗu kafin a sake hawa titi da motar.